Baki a Bayan Amawali: Nazarin Furuci da Iko a Rayuwar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, tsohon Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ta fuskar maganganunsa na bainar jama'a. Ta yi la'akari da abin da furucin nasa ya dogara da shi a kowane mataki, da harshen da aka yi shi, da kuma kunnuwan da aka nufa da shi. Maƙalar ta nuna cewa salon magana guda ne ya bi shi daga banki zuwa fada, amma abin da ya yi tasiri a wurin da doka ke mara masa baya ya zama rauni a wurin da sarauta ba ta da komai a hannu sai kwarjini. Ta kuma nuna cewa yawancin kiran gyaran da ya yi wa al'ummar Hausawa an yi shi ne da Ingilishi, a gaban manya, kuma hakan ya shafi yadda talakawa suka karɓe shi.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami basaraken da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a wannan ƙarni kamar Muhammadu Sanusi II. Abin da aka rubuta game da shi ya kasu gida biyu. Akwai masu yabo, waɗanda ke ganinsa a matsayin mai faɗar gaskiya komai ɗacinta, wanda aka raba da kujera sau biyu saboda ya ƙi yin shiru. Akwai kuma masu suka, waɗanda ke ganin ya kasa kame bakinsa, ya shigo da ɗabi'ar 'yan boko cikin gidan da aka gina a kan kawaici. Duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa magana ce jigon rayuwar mutumin, sai dai kowannensu ya tsaya ne a kan tambayar ko ya dace ya yi maganar ko bai dace ba. Manufar wannan maƙala ita ce a matsa gaba kaɗan, a tambaya: wane iko ne ke bayan maganar, da wane harshe aka yi ta, kuma wa aka yi wa ita?

2.0 Makarantu Uku

An haifi Sanusi Lamido Sanusi a Kano ranar 31 ga Yuli, 1961, a gidan Dabo. Kakansa, Sarki Muhammadu Sanusi I, ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta tilasta masa yin murabus bayan binciken kuɗin En'e ta Kano, aka kai shi Azare. Mahaifinsa, Ciroman Kano Aminu Sanusi, jakada ne da ya kai matsayin babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje. Ke nan jikan bai kai shekara biyu da haihuwa ba sarauta ta bar ɗakinsu, kuma ya tashi da sanin cewa rawanin Kano yana iya sauka daga kai da umarnin ɗan siyasa.

Makarantu uku ne suka ƙera harshensa. Ta farko ita ce boko: firamare a Kaduna, King's College a Legas, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya sami digiri a fannin tattalin arziki a 1981, a zamanin da muhawarar masu ra'ayin sauyi ke tashe a harabar jami'ar. Ta biyu ita ce banki, wanda ya shiga a 1985, ya kuma yi fice a sashen auna haɗarin ba da bashi, aikin da ke koya wa mutum ya ce a'a ga mai kuɗi idan lissafi bai fita ba. Ta uku ita ce Khartum, inda ya karanci shari'a da ilimin addinin Musulunci a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, ya kammala a 1997. Daga waɗannan wurare ya fito da salon da aka san shi da shi: kafa hujja da alƙaluma, ƙarfafa ta da nassi, sannan a jefa ta kai tsaye ba tare da sakaya ba.

An fara ganin wannan salo a fili ne a farkon shekarun 2000, bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a kuma wasu jihohi sun bi sahu. A maƙalun da ya riƙa wallafawa a jaridu da shafin Gamji na intanet, ya soki yadda aka gaggauta zartar da haddi a kan matan karkara da ƙananan ɓarayi alhali ba a taɓa masu wawure dukiyar jama'a ba, ya kuma yi sharhi a kan shari'o'in Safiya Husaini da Amina Lawal. Ƙarfin waɗannan rubuce-rubuce shi ne cewa daga cikin fiƙihun Malikiyya ya yi jayayyarsa, don haka ba a iya kore shi da sunan baƙo ne ga addini. Amma da Ingilishi aka yi su, kuma matan da ake magana a kansu ba su cikin masu karantawa.

3.0 Magana Mai Sanda

A watan Yuni na 2009, bayan 'yan watanni yana shugabantar First Bank, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi Gwamnan Babban Banki. Ranar 14 ga Agusta na shekarar ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 don ceto bankunan. A watan Oktoba aka ƙara wasu uku, kuɗin ceton ya kai naira biliyan 620. An buga sunayen manyan masu riƙe da bashi a jaridu, aka kuma kafa hukumar AMCON a 2010 domin ta saye basussukan da suka ƙi biyuwa. A zamaninsa ne aka ba bankin Jaiz lasisi, ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Mujallar The Banker ta zaɓe shi gwarzon gwamnonin manyan bankuna na 2011.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan matakai maganarsa ba ita kaɗai take tafiya ba. Dokar bankuna ta 1991 da Dokar Babban Banki ta 2007 sun ba gwamna ikon bincike da ikon cirewa. Idan ya ce banki ya ruɓe, akwai rahoton masu bincike a hannunsa, kuma a ranar ana iya canja mai zama a kujerar. Magana ce mai sanda a bayanta.

Inda ya fita daga wannan da'ira, sakamakon ya bambanta. A 2010 ya ce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya Majalisar Dokoki ke cinyewa. Aka kira shi gaban 'yan majalisa, ya ƙi janyewa, amma kasafin bai sauya saboda maganarsa ba. A watan Satumba na 2013 ya rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan cewa kamfanin mai na ƙasa bai shigar da dala biliyan 49.8 a asusun tarayya ba. Bayan zaman daidaita lissafi adadin ya sauka, kuma a watan Fabrairu na 2014 ya tsaya a kan dala biliyan 20 a gaban kwamitin Majalisar Dattawa. Sauyawar adadin ta ba abokan hamayyarsa abin kamawa, kuma wannan laifi ne da ba za a ɗauke wa masanin lissafi ba, ko da kuwa tambayar da ya tayar tana nan da nauyinta. Ranar 20 ga Fabrairu, yana halartar taro a Yamai, aka sanar da dakatar da shi bisa zargin almubazzaranci da kuɗin banki, zargin da ya musanta. Kamfanin mai ba ya ƙarƙashin sandarsa, shi kuwa yana ƙarƙashin sandar shugaban ƙasa.

4.0 Abin da Amawali Yake Nufi

Sarki Ado Bayero ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2014, bayan shekara hamsin da ɗoriya a kan gado, kuma ranar 8 ga wata gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta bayyana Ɗan Majen Kano Sanusi a matsayin magajinsa. Ya shiga gidan da ke da tasa ƙa'idar game da furuci. Amawalin da ke rufe bakin sarki ba ado ba ne kawai. Idan talaka ya faɗi gaisuwa, fadawa ne ke amsa masa cewa sarki ya gaishe shi. A tsarin da, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a tarihinsa na mulkin Kano, saƙo yakan bi ta hannun manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama kafin ya isa inda aka nufa. Hikimar ita ce, magana zarar bunu ce, kuma wanda kalmarsa ke iya zama hukunci dole ya yi tsimin ta.

Sai dai wannan ƙa'ida an gina ta ne a lokacin da kalmar sarki hukunci ce da gaske. Tun daga 1903, lokacin da Turawa suka ci Kano, aka kama Sarki Alu aka kai shi Lakwaja, ikon ya riƙa zagwanyewa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mulkin yau da kullum, Dokar Filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali. Kundin tsarin mulki na 1999 bai tanadar wa sarakuna wani aiki ba. Abin da ya rage shi ne kwarjini, da sulhu, da shiga tsakani a ɓoye.

Ado Bayero ya fahimci wannan, ya mayar da ƙarancin magana jarinsa. Ko da gwamnatin Rimi ta aika masa takardar tuhuma a 1981, mutanen gari ne suka yi magana a madadinsa, har abin ya kai ga tarzoma da asarar rai. Sanusi II ya zaɓi wata hanya: tunda baki ne kaɗai ya rage, to a yi amfani da shi. Wannan zaɓi yana da gindin zama a tarihin Kano. Al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami. Amma a waɗannan misalai malami ne ke faɗa wa mai iko gaskiya. A zamaninmu mai iko shi ne gwamna, don haka sarkin da ya ɗauki aikin nasiha ya koma matsayin malamin, sai dai shi malamin da yana iya naɗe buzunsa ya bar gari, sarki kuwa albashinsa da takardar naɗinsa suna hannun wanda yake yi wa wa'azin.

5.0 Da Wane Harshe?

Shekarar 2017 ce ta fi fito da matsalar a fili. A watan Fabrairu, a taron cika shekara 50 da rasuwar Jakada Isa Wali a Abuja, ya bayyana shirin dokar iyali wadda za ta hana wanda ba shi da halin ciyarwa ƙara aure. A shekarar ne ya ba da shawarar a riƙa koyar da yara a masallatai, yana kafa misali da Maroko. A watan Afrilu, a taron zuba jari na Kaduna, ya ce Arewa na riƙe da fahimtar addini irin ta ƙarni na 13, ya soki shirin gwamnatin Kano na ciwo bashi daga ƙasar Sin don gina jirgin ƙasa na cikin gari, ya kuma ƙi yarda da furucin gwamnan Zamfara na lokacin cewa annobar sanƙarau sakamakon zunubi ce.

Idan aka auna abin da ke cikin waɗannan jawabai, da yawa daga ciki yana da wuyar musantawa. Sharaɗin ciyarwa da adalci sananne ne a fiƙihu, koyarwa a masallaci ta girmi makarantar boko, kuma yawan yaran da ke gararamba a titunan Arewa ba ya bukatar alƙaluma kafin a gan shi. Matsalar tana ga wurin da aka yi maganar da harshen da aka yi ta. Jawabin da aka gabatar da Ingilishi a zauren taro na Abuja ko Kaduna yana isa ga magidancin Ɗambatta ne bayan ya bi ta kanun jarida, da fassarar rediyo, da bakin mai wa'azin da ƙila yana da nasa ƙorafin. A hanya sai hujjar ta zube, hukuncin ya rage. Sharaɗin ciyarwa ya koma hana talaka aure, koyarwa a masallaci ta koma mayar da masallatai makarantu. Bugu da ƙari, Bahaushe yana bambanta faɗan cikin gida da tonon asiri a gaban baƙi, kuma gyaran da uba ya yi wa ɗansa a kasuwa, komai gaskiyarsa, da wuya ya shiga.

Magabatan da suka nemi gyara a wannan ƙasa sun san da haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta wa malamai da Larabci, amma ya yi wa jama'a wa'azi da waƙa da Fulatanci da Hausa, Nana Asma'u kuma ta kai karatun har cikin ɗakunan mata ta hannun 'yan taru. Sa'adu Zungur ya iya Ingilishi da Larabci, amma da ya tashi yi wa sarakuna gargaɗi da Hausa ya tsara waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Sanusi II yana huɗuba, yana jawabin salla da Hausa, yana kuma hira da gidajen rediyon Hausa. Sai dai tsayayyen tunaninsa, wanda aka gina daki-daki, yana cikin Ingilishi ne, har da tarin maƙalunsa da aka wallafa a 2021 da sunan For the Good of the Nation. Sakamakon haka, waɗanda suka ji maganar a cike su ne masu ikon cire shi, waɗanda za su iya kare shi ko su sauya halinsu kuwa gutsurenta suka samu.

Akwai shaida daga rayuwarsa da ke ƙarfafa wannan fahimta. A watan Nuwamba na 2014, da ya yi kira ga jama'ar Kano su kare kansu daga Boko Haram, aka kuma kai hari babban masallacin Juma'a ranar 28 ga wata aka kashe fiye da mutum 100, ya koma masallacin ya ja salla. Haka nan ɗan gajeren saƙon da ya fitar da Hausa bayan cire shi, inda ya miƙa lamari ga Allah ya nemi a zauna lafiya, ya sami karɓuwa har a wurin waɗanda ba sa ƙaunarsa. A lokutan nan biyu da mutanensa ya yi magana kai tsaye, a cikin yanayin da suka sani.

6.0 Hannun da ya Naɗa

A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Ranar 9 ga Maris, 2020, aka cire Sanusi bisa zargin rashin biyayya, aka kai shi Loko sannan Awe a Jihar Nasarawa, aka naɗa Aminu Ado Bayero. Kotu ta ba da umarnin sakinsa cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa korar da aka yi masa daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe ta 2019, ya mayar da shi gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan sarki na Nasarawa, shari'a ta ci gaba.

Masu yabo sukan karanta wannan a matsayin gaskiya ta yi halinta. Mai nazari ba zai tsaya nan ba. Alƙalamin gwamna ne ya tabbatar da shi a 2014, a tsakiyar rikicin Kwankwaso da gwamnatin tarayya, shi ne ya cire shi a 2020, shi ne kuma ya dawo da shi a 2024. Sau biyu ya amfana da ikon da ya cutar da shi sau ɗaya. Wannan ba ya rushe gaskiyar abin da ya faɗa, amma yana rage wa muryarsa 'yanci a kunnen mai sauraro, domin kowace suka ko shiru ana auna su da ma'aunin wa ke gidan gwamnati. Haka kuma binciken kuɗin masarauta da hukumomin jihar suka tayar, wanda magoya bayansa ke gani bi-ta-da-ƙulli ne, ya sami wurin zama a zukata saboda mai kiran tsimi yana zaune cikin ƙasaitar da ido ke gani. Goyon bayansa ga cire tallafin man fetur tun 2012 ya ƙara wannan tazara tsakaninsa da masu ƙaramin ƙarfi.

7.0 Daga Jawabi Zuwa Doka

Alamu sun nuna shi kansa ya san iyakar jawabi. Daftarin dokar iyali da ya sa malamai suka tsara yunƙuri ne na samar wa magana sanda, amma bai zama doka ba har aka cire shi. Bayan saukarsa ya mayar da batun karatu, ya sami digirin digirgir a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan a 2024, inda ya kwatanta tsara dokar iyali a Kano da ta Maroko. Kwatancin yana da amfani, kuma shi ne ke fito da giɓin. Gyaran dokar iyali na Maroko na 2004 ya yiwu ne saboda Sarki Muhammadu VI yana da matsayin Amirul Muminina a tsarin mulki, majalisa kuma ta zartar. Sarkin Kano sai ya roƙi majalisar da ke iya raba masarautarsa gida biyar cikin mako guda.

Wata kafar ita ce halifancin Tijjaniyya na Nijeriya da aka ba shi a 2021, muƙamin da kakansa ya riƙe, wanda kuma ba gwamna ke bayarwa ba. Ana iya ganin amfanin irin wannan matsayi a watan Agusta na 2023, lokacin da ya sami ganawa da Janar Abdurrahman Tiani a Yamai tare da Sarkin Damagaram, a daidai lokacin da manzannin ECOWAS suka kasa ganinsa. A can ba a yi jawabi ba. Aikin sarauta ne irin na da, na shiga tsakani a bayan labule.

8.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa ba a iya fahimtar rayuwar Muhammadu Sanusi II ta hanyar tambayar ko yana da gaskiya kawai. A banki doka ta mara wa furucinsa baya, ya yi tasirin da har yau ake ganin alamarsa. A fada furucin ya tsaya shi kaɗai, an kuma yi mafi yawansa da harshen da bai kai shi ga masu bukatarsa ba sai a gutsure. Hakkin da ke kansa, da kuma kan masana Hausa na gida da na waje, shi ne a kawo muhawarar aure da saki da karatun 'ya'ya mata da bara cikin Hausa, a rubuce kuma a cike, tare da hujjojinta na fiƙihu da na tattalin arziki, yadda malamin zaure da uwar gida za su iya karɓa ko su mayar da martani. Tambayar wanda ya kamata ya riƙa naɗawa da cire sarki kuwa tana nan a buɗe tun 1963, kuma kotuna kaɗai ba za su rufe ta ba.